Kafin a sayar da bijimi: ina yaron zai kwana?

 Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu na rugage da na kasuwannin bakin iyaka, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Ƙonni, daga Maigatari da Mai'aduwa har Magarya da Matamai. Wanda ke bayan shanu da rediyo rataye a kafaɗa, da wanda ke tasha yana jiran a sauke masa kaya, duka muna yi muku sannu da aiki.

Yau ba maganar farashin dabbobi za mu yi ba, ko da yake dabba za ta shigo ciki, domin a gidaje da yawa ita ce ke biyan kuɗin makaranta. Maganarmu ta yau kan 'ya'yanku ne da ƙannenmu da ke tafiya jami'a, musamman waɗanda ake turawa nesa, wata ƙasar. Idan takardar shiga jami'a ta iso gida, tambayoyi uku ake yi: me zai karanta, shekara nawa zai yi, nawa za a biya. Sai a kai bijimi kasuwa, ko a taɓa jari, a yi wa yaro addu'a, a raka shi tasha. Tambaya ta huɗu ita ake bari a baya, wato ina zai kwana. In ma wani ya yi ta, sai a ce ai can za su ba shi wuri.

Abin yana ba ni mamaki, iyayena, saboda ku ne mutanen da suka fi kowa sanin muhimmancin masauki. Arɗo ba ya sauke garke a wuri don kawai ya ga ciyawa. Sai ya duba ina ruwa yake, gonar wa ke kusa, su wane ne maƙwabta, kuma idan dare ya yi aka ce a tashi, ta wane burtali za a fita. Haka bafatake. Tun zamanin da ake zuwa Gwanja sayen goro, ba a shiga baƙon gari sai an san zangon da za a sauka da fatoman da zai karɓi mutum. A Sabon Ibadan da sauran kasuwannin shanu na kudu, maigida shi ke ba ka ɗaki, shi ke ajiye maka kuɗi, shi ke tsaya maka idan ciniki ya rikice, kuma shi za a tambaya idan ka ɓata. Wannan ilimin naku ne, ba a aji aka koya muku ba. To, shi nake roƙon ku ɗauko ku auna ɗakin ɗalibi da shi.

Zan kafa misalin da Sudan, domin a can ne wannan tambaya ta fito fili a idon duniya, kuma domin ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Ta nan kakanninmu ke bi zuwa Makka a ƙasa, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna ke nan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Har gobe ana Hausa da Fulatanci a can. Saboda haka da jami'o'in Sudan suka buɗe ƙofa, iyaye da yawa a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram sun ga wuri ne da hankali zai kwanta: ƙasar Musulmi, ga Larabci, ga karatun likita da haɗa magunguna a kuɗin da bai kai na Turai ba, ga kuma shekarar karatu da ba ta tsayawa saboda yajin aikin malamai irin na Najeriya. Gwamnatocin wasu jihohi ma sun tura ɗalibai da kuɗin jiha.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ruwa ya raba: Hartum, Umdurman da Bahri. A nan Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, kuma gadoji ne ke ɗinke garuruwan. Ku riƙe maganar gadojin nan, za mu dawo kanta. Idan ka bar tsakiyar Hartum ka yi kudu maso gabas ta hanyar Wad Madani, za ka isa Soba. Tsohon wuri ne ƙwarai, shi ne babban birnin daular Alwa ta Kiristocin Nuba, wadda ta rushe wajen shekara ta 1500, kuma kufanta na nan a gabashin kogi. A zamaninmu an san Soba da asibitin koyarwa na Jami'ar Hartum, inda ɗaliban likitanci ke zuwa koyon aiki, da kuma ofishin jakadancin Amurka. Ta wannan ɓangare na kudu, kafin ka kai Soba, nan Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa take. An fara ta a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977 da tallafin Saudiyya da wasu ƙasashen Larabawa, ta zama jami'a a 1992, kuma kafin yaƙin 2023 ita ce matattarar ɗalibanmu mafi girma. Wasu kuma suna can hayin kogi, a Jami'ar Musulunci ta Umdurman, ko Jami'ar Alƙur'ani, ko Ahfad ta 'yan mata.

Masaukin ɗalibi a can iri biyu ne. Na farko shi ne ɗakunan kwana na makaranta, abin da 'yan Sudan ke kira dahiliyya. Na biyu shi ne a haɗa kai, mutum huɗu ko shida, a kama haya a cikin unguwa, wato shaƙƙa. Kuma kada wani ya ɗauka cewa takardar shiga jami'a ita ce takardar gado. A da can, ɗalibin jami'ar gwamnati a Sudan yana samun ɗaki da abinci kyauta. A farkon shekarun 1990 aka ninka yawan jami'o'i, aka janye wannan gata, aka miƙa ɗakunan ga wani asusun gwamnati na kula da ɗalibai. Tun daga lokacin gado ya zama abin nema na daban, kuma jami'o'in kuɗi da yawa ba su da isassun ɗakuna. Wannan ba a Sudan kaɗai ba ne. Ku tambayi duk wanda ya nemi gado a Samaru ko a Bayero.

Dahiliyya ba gidan hutu ba ce. Mutum da yawa a ɗaki ɗaya, gado bisa gado, layin wanka da asuba, ga ƙorafin ɓatan waya da takalmi. Akwai lokacin rufe ƙofa, musamman a ɓangaren mata, akwai mai kula da ke sanin wanda ya fita da wanda bai dawo ba. Yaro ɗan shekara 18 da ya baro gida karon farko, wannan tsarin yana ƙuntata masa, shi ya sa da an yi zango ɗaya sai waya ta fara zuwa gida: Baba, hayaniya ta yi yawa, ba na iya karatu, abokaina sun samu gida, a ƙaro kuɗi. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Zafin Hartum a watan Mayu da Yuni yana wuce digiri 40, ga guguwar ƙura da suke kira habub, wadda ke rufe gari da rana tsaka, ga ɗaukewar wuta. Mu mutanen Sahel ne, mun san zafi, amma zafin ɗaki mai mutum takwas ba fanka wani abu ne daban.

Shaƙƙa kuwa tana da daɗinta. Kai ke da makullinka. Ana yin abin da suke kira mez, wato kowa ya zuba nasa kason a asusu ɗaya, a sayo shinkafa da mai da albasa, a raba girki kwana-kwana. Wanda ya gaji da ful, waken nan da ake ci da burodi safe da yamma, zai iya tuƙa tuwonsa da kuka da daddawar da Inna ta ƙunso masa. Amma ku 'yan kasuwa ku yi mata lissafi irin naku. Akwai la'adar dillali, wanda suke kira simsar. Akwai kuɗin watanni da ake karɓa tun kafin a shiga. Akwai wuta, da gas, da ruwa, da kuɗin mota kullum zuwa aji, ko bas, ko ƙaramar motar nan amjad, ko raksha, wato a-daidaita-sahun can. Sannan akwai canji. A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Sudan ta karya darajar kuɗinta a rana ɗaya, dala ta tashi daga fam 55 zuwa fam 375 a farashin banki, kuma a shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 300 cikin ɗari. Mai gidan haya a irin wannan yanayi ba ya son fam, dala yake so, ko kuma ya ƙara kuɗi duk bayan 'yan watanni. Wanda ke canjin naira da sefa a Jibiya ya san abin da nake nufi. Kuɗin da aka yi wa lissafin shekara sai ya ƙare a wata bakwai, sai a sake kai wata dabbar kasuwa, wataƙila a lokacin da ba ta da daraja.

Hatta aika kuɗin ma aiki ne. Sudan ta yi shekara 20 ƙarƙashin takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, kuma ko bayan nan katin bankin waje bai zama abin dogaro ba. Yawanci ta hannun 'yan kasuwa ake bi: ka ba wani naira a Kano, wani ya ba yaronka fam a Hartum. Hanya ce ta amana, kuma kun fi ni saninta. Rauninta shi ne ranar da mai bayarwar ya rufe shago ya gudu da iyalinsa, yaro ba shi da kowa.

Alamar farko ta zo tun kafin yaƙi. A watan Disambar 2018 zanga-zangar tsadar burodi ta tashi daga garin Atbara ta bazu, hukuma ta rufe jami'o'i, aka yi watanni da yawa ba karatu, har aka kifar da Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019. Ɗan ƙasa idan an rufe makaranta sai ya hau mota ya tafi garinsu. Baƙo fa? Wanda ke haya yana ci gaba da biyan ɗakin da ba karatu a cikinsa. Wanda ke dahiliyya kuma ransa na hannun hukumar makaranta, ko ta bar baƙi su zauna ko ta ce a fita. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun ranar rajista: idan an rufe, ina baƙin ɗalibai ke zama?

Sai ranar Asabar, 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Da safiyar nan faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Kuma daga cikin wuraren da aka fara jin harbi akwai kudancin Hartum, wajen sansanin RSF na Soba da babban filin wasanni da ake kira Madinatur Riyadiyya, wanda ba shi da nisa da Jami'ar Afirka. Wato yaran da suka kwanta a matsayin ɗalibai, sun farka suna maƙwabtaka da bakin daga. Sansanin nan ba a daren aka gina shi ba. Yana nan, motocinsu na wucewa kullum, kowa na gani. Sai dai ba al'adarmu ba ce uba ya tambayi ɗansa a waya, wane ne maƙwabcin makarantarku? Da ruga ce, da ita ce tambayar farko.

Filin jirgin saman Hartum a tsakiyar gari yake, kuma tun ranar farko ya daina aiki. Wuta ta ɗauke a unguwanni da yawa, ruwan famfo ya bi ta, shaguna suka rufe, bankuna suka rufe. Aka yi ƙaramar Sallah ranar Juma'a 21 ga wata cikin ƙarar bindiga. Gadojin nan da na ce ku riƙe, wasu aka rufe, wasu suka zama wuraren binciken masu bindiga. Ɗalibin da ke Umdurman, wanda a da tafiyar awa guda ce ta raba shi da 'yan'uwansa na kudancin Hartum, sai ya zama kamar yana wata ƙasa.

A nan ne bambancin masauki ya bayyana, kuma ba ta fuska ɗaya ba. Waɗanda ke cikin makaranta sun fi kusa da wuta, wannan gaskiya ne. Amma suna tare, ɗaruruwa a wuri ɗaya, sunayensu na cikin rajista, shugabannin ƙungiyar ɗalibai sun san su. Da gwamnatin Najeriya ta yi hayar bas-bas don kwashe mutanenta, harabar Jami'ar Afirka na cikin wuraren da aka ce a taru, kuma motocin farko sun tashi ranar 26 ga Afrilu. Wanda ke dahiliyya, jakarsa kawai zai ɗauka ya fito fili. Wanda ke haya a wata unguwa, shi da abokansa uku, sai ya fara jin labarin, in wayarsa na da caji, sannan ya nemi abin hawa a garin da ba mai, ya ratsa shingaye, da kuɗin da wataƙila ba ya hannunsa. Ɗakin da ya fi sanyi da shiru, shi ne ya fi nisa da ƙofar fita.

Ko shiga motar ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Kun ji a lokacin yadda aka yi ta ƙorafin direbobi sun tsaya a cikin sahara kan maganar biyan kuɗi, da yadda ayarin farko ya yi kwanaki a iyakar Masar ana jiran izinin shiga. Ku da kuka kwana a bakin iyaka da kaya kun san irin wannan jiran, sai dai su babu rumfa, babu mai shayi da suka sani. Sai daren 3 ga Mayu rukunin farko, mutum 376, suka sauka Abuja daga Aswan a jirgin Air Peace da na sojan saman Najeriya. Wasu kuma aka bi da su ta Bur Sudan, tashar jiragen ruwa ta bakin Bahar Maliya, tafiyar kusan kilomita 800 daga Hartum. Kafin tsakiyar watan Mayu an dawo da mutum fiye da 2,000.

Akwai abu guda da ya raba mutane a bakin iyakar nan fiye da kuɗi, shi ne fasfo. Baƙon ɗalibi a Sudan yana buƙatar izinin zama, iƙama, kuma sabunta ta kan sa fasfo ya bar hannun mai shi ya yi kwanaki a wani ofis. Wanda yaƙi ya samu fasfonsa a aljihun teburin ofishin da aka kulle, ya shiga wani hali. Haka takardun karatu. Yaro ya yi shekara huɗu yana karatun likita, ya dawo gida da riga ɗaya, ba shi da takardar da ke nuna darussan da ya ci. Da aka zo neman a saka su a jami'o'in gida, wannan takardar aka fara tambaya. Shekara huɗu, iyayena, shanu nawa ke nan?

To me za a yi? Ni dai ra'ayina, kuma na san wasu ɗalibai da ke saurare ba za su ji daɗinsa ba, shekarar farko a yi ta a ɗakin makaranta in akwai, ko da ya fi matsi. Yaron bai san gari ba, bai san harshen kasuwa ba, bai san wanda zai amince wa ba. A nan zai san 'yan ƙasarsu, a san shi, sunansa ya shiga bakin mutane. Bayan shekara, in ya kawo hujjar fita, sai a zauna a yi maganar kamar yadda ake maganar ciniki. Tafiyar minti nawa ce a ƙafa daga gidan zuwa ƙofar makaranta? A ƙafa na ce, ba a mota ba, domin ranar da ake buƙatar sanin amsar babu mota. Akwai gada ko babban shingen soja a tsakani? Me ke kusa da gidan: bariki, ofishin 'yan sanda, gidan wani babba, ma'ajiyar mai? Su wa zai zauna da su, 'ya'yan wane ne, daga wane gari? Ku karɓi lambar wayar aƙalla biyu daga cikinsu, da ta iyayensu. Da sunan wa aka rubuta yarjejeniyar haya? Sau da yawa sunan mutum ɗaya ne, in ya gama ko ya yi faɗa da sauran, kowa ya shiga uku.

Kada wani ya ce ni ban yi boko ba, yaya zan bincika abin da ke wata ƙasa. Wayar da kuke ganin hoton saniya da ita kafin ku saya, ita ce dai. Ku ce ya kira ku ta bidiyo a WhatsApp, ya fara daga ƙofar ɗakinsa, ya nuna muku randa ko tankin ruwa, ya fito titi, ya juya hagu da dama, ya taka har makaranta kuna kallo. Idonku zai ga abin da nasa ba zai gani ba, don shi yana duban fenti da fanka, ku kuna duban hanya.

Sannan a nema masa fatoma. A kusan kowane babban gari da yaranmu ke zuwa, daga Hartum zuwa Alƙahira, daga Kwatano zuwa Yamai, akwai Hausawa mazauna, akwai sarkin Hausawa ko limami ko wani dattijon ɗan kasuwa. Wanda ya zauna shekara 30 a gari yana jin ƙanshin fitina kafin ta iso, ya san hanyar bayan gari, ya san direba. A kai masa gaisuwa, a ce ga ɗanmu. Wannan ba ya cikin takardar jami'a, kuma wakilan da ke samo gurbin karatu su karɓi la'ada ba za su yi muku shi ba. Ku ma ku sani, wanda ya samo gurbi aikinsa ya ƙare ranar da jirgi ya tashi. In ya ce masauki an gama, ku ce a rubuce: sunan ginin, mutum nawa a ɗaki, kuɗin na cikin abin da aka biya ko daban ne.

Fasfo kuma ya kwana inda yaron ke kwana. In dole ya bar hannunsa, a san ranar karɓowa, a ɗauki hotonsa da na iƙama a turo gida. Duk ƙarshen shekara ya karɓi takardar sakamakonsa mai hatimi, ya turo hotonta, a buga a ajiye a akwatin da kuke ajiye takardun fili da na allurar shanu. A kuma ware wani ɗan kuɗi, a hannu, wanda ba na ci ba ne, ba na waya ba, na mota ne zuwa iyaka mafi kusa. A lokacin yaƙin, manhajar Bankak ta Bankin Hartum ta ceci mutane da yawa, amma ita ma sai da intanet da caji, kuma an sha rasa duka biyun.

Game da 'yan mata, na san a nan ne hankalin iyayenmu mata ya fi tashi. Inna, ƙofar da ake rufewa da wuri da mai kula da ke rubuta suna suna da amfani, amma ku tambayi abu ɗaya: idan wani abu ya faru da dare, wa ke da makullin, kuma a ina yake kwana? Katanga mai tsawo tana hana shiga, tana kuma hana fita.

Kada kuma mu ɗauka wannan labarin ƙasar nesa ne. A watan Satumbar 2023, 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da mutum fiye da 20, yawancinsu mata. Ba a yi wata guda ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Yaran nan ba don son rai suka fita waje ba, gadaje ne ba su isa ba. Haka kuma, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar nan tamu har zuwa Maris na 2024, kuma 'yan Najeriya da ke karatu a Maraɗi da Yamai sun ɗanɗana abin da ake nufi da makaranta a hayin iyaka. Saboda haka tambayoyin nan ba na mai zuwa Sudan kaɗai ba ne. Wanda zai kai ɗansa Sakkwato, ko Zariya, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko Jami'ar Musulunci ta Say, shi ma ya yi su. Ribar na kusa ita ce za ka iya hawa mota ranar da ba kasuwa ka je ka gani da idonka, ka gaisa da mai unguwa, ka sha ruwan gidan.

Dalilin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne, tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Hartum a watan Maris na 2025, ana ta batun komawar jami'o'i mazauninsu. Yaran da karatunsu ya tsaya a tsakiya suna ƙagare, kuma ba laifinsu ba ne, shekarunsu ne ke tafiya. Za su zo muku da maganar, wakilai ma za su zo. Ku sani cewa buɗe aji daban, gyara wurin kwana daban. Gine-gine da yawa a birnin an wawashe su ko sun lalace, an sha fama da rashin wuta da ruwa, an yi annobar kwalara a 2025, akwai kuma ragowar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Wanda ya ce muku an koma, ku tambaye shi a wane gari ake darasin, a Hartum ne ko a wani wurin da makarantar ta yi ƙaura, ina ɗalibai ke kwana a daren jiya, daga ina suke ɗebo ruwa, kuma ya ba ku lambar ɗalibi ɗaya ɗan ƙasarmu da ke cikin ɗakin yanzu haka. Ku kira shi da kanku, da Hausa ko da Fulatanci, ba tare da wakilin yana kusa ba. In an kasa samo ɗalibi ɗaya da zai ɗaga waya, bijimin ya ƙara kwana a garke tukuna.

Lokacinmu ya yi. Iyayen da 'ya'yansu suka dawo daga Sudan, da ɗaliban kansu, layinmu a buɗe yake, ku aiko da saƙon murya ku gaya mana inda kuka zauna da yadda kuka fito, za mu saka wasu a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. A makon gobe kuma, in Allah ya kai mu, za mu duba hanyoyin aika wa ɗalibi kuɗi tsakanin naira da sefa, da abin da ake yanka a kowace hanya.